Yadda Ake Kula Da Fatar Mace Bayan Shekara Hamsin: Man Kaɗanya, Magarya Da Zuma

Yawancin haɗe-haɗen gyaran jiki da ke yawo a waya don amare da 'yan mata aka tsara su: a dirje jiki, a matsa lemun tsami, a kwana da kurkum a fuska. Fatar 'yar shekara ashirin tana ɗaukar wannan ta murmure cikin kwana biyu. Ta mai shekara hamsin da biyar ba ta ɗauka. Haɗin da ya sa amarya ta yi sheƙi shi ne zai bar wa uwarta ƙaiƙayi da baƙin tabo mai ɗaukar watanni bai goge ba.

Dalilin a cikin jiki yake. Al'ada takan ɗauke wa yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55, daga nan sinadarin istirojin, wanda jikin mace ke samarwa, ya ja baya. Kolajin, wato abin da ke riƙe fata ta tsaya da ƙwarinta, yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko, sannan ya ci gaba da raguwa a hankali, kamar kashi 2 a shekara. Fata ta rage kauri, maiƙon da take fitarwa da kanta ya yi ƙaranci, ta kasa riƙe ruwa, rauni kuma ya riƙa daɗewa kafin ya warke. Ga iskar hunturu, ga zafin murhu, ga alwala sau biyar da ke jiƙa fuska da hannu da ƙafa su sake bushewa. Saboda haka fatar babba danshi take nema, ba gogewa ba, kuma duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi: cokalin cin abinci mililita 15 ne, cokalin shayi mililita 5, gwangwani kuma ƙaramin gwangwanin madarar ruwa.

Gwaji kafin a shafa

Kasancewar abu daga itace ko ganye ba ya hana jiki ya ƙi shi. Kowane sabon mai ko haɗi, ki ɗiba kaɗan ki shafa a lanƙwasar hannu ta ciki, wuri kamar faɗin kwabo, safe da yamma, kwana biyu zuwa uku. In abin wankewa ne, ki bar shi minti goma ki wanke. Ja, kumburi, ƙananan ƙuraje ko raɗaɗin da bai lafa ba, duk alama ce ta a ajiye shi. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka ki lura da wurin ko ya yi duhu ko ya yi kaushi. Kuma sabon abu ɗaya-ɗaya ake shigo da shi, mako guda a tsakani, don in an samu matsala a san mai laifin.

Wanka

Sau da yawa bushewar fata a banɗaki ake samo ta. Ruwan da ke tashin tururi yana wanke ɗan maiƙon da ya rage a jiki, shi ya sa ƙaiƙayi ke tasowa da zarar an fito. Ki sirka ruwan ya zama mai ɗumi, ki gwada da gwiwar hannu. In kin ji sai kin janye hannun, ya yi zafi. Minti biyar zuwa goma sun isa. Soson raga da soson buhu a bar wa tafin ƙafa da tsakiyar baya. Ƙwauri, damtse, wuya da ƙirji tafin hannu ko tattausan ƙyalle ya wadatar musu. Sabulu kuma ba ko'ina yake buƙatar zuwa kullum ba: hammata, ƙarƙashin mama, matsematsi da ƙafa su ne wurarensa. Ƙwaurin da ke yin furu-furu a sa masa sabulu sau biyu ko uku a mako, sauran ranaku ruwa kawai.

Sabulun salo sabulu ne mai kyau, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi, kuma fatar mutum ta fi son abu mai ɗan tsami-tsami. Wanda bai gama nuna ba ma yakan yi raɗaɗi. Ga yadda ake rage masa ƙarfi:

Ki daka sabulun salo ya yi laushi, gwangwani ɗaya. Ki tsince duk wani gawayi ko tsakuwa da ke ciki, domin su ne ke yagar fata. Ki zuba narkakken man kaɗanya cokali biyu na cin abinci, zuma cokali biyu, da tafasasshen ruwa da ya huce cokali uku. Ki kwaɓa, ki rufe a roba mai murfi ya kwana, washegari ki sake cuɗa shi ya haɗe. Lokacin amfani a murza shi a tafin hannu ya yi kumfa, kumfar ake kai wa jiki, ba a goga dunƙulen a fata. Kada ki ƙara masa lemun tsami, kanwa, alif ko farar wuta. In bayan wanka kin ji fata ta ɗame kamar za ta tsage, har yanzu ya yi miki ƙarfi. Ki ƙara man kaɗanya cokali ɗaya, ko ki mayar da shi sabulun ƙafa da hammata kaɗai.

Fuska da wuya garin ganyen magarya ya fi musu sauƙi. Ganyen yana da wani sinadari mai kumfa da ke ɗauke datti ba tare da ya kwashe maiƙo duka ba. A shanya ganyen a inuwa, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. Cokali ɗaya na shayi a ruwan ɗumi rubu'in kofi, a kaɗa da maburgi har ya yi 'yar kumfa, a bar shi minti goma, a tace. A wanke fuska da ruwan, ido a rufe don yana da yaji, a ɗauraye. Na yau daban, na gobe daban. Ruwan ganye in ya kwana ya fara lalacewa. Sau ɗaya da dare ya isa, da safe ruwan alwala ya wadatar.

Bayan wanka a tsane jiki da tawul a hankali, ba a gurzawa, kuma a bar ɗan laima.

Haɗin man jiki

Nan ne aikin yake, kuma daga sayen man ake fara kuskure. Man kaɗanya mai kyau launinsa tsakanin fari-fari ne da ruwan ƙwai mai haske, yana da ƙamshin gyaɗa-gyaɗa da ɗan hayaƙi. Ki ɗauki kaɗan ki ɗora a bayan hannu: zafin jiki kaɗai zai narkar da shi, ya bi fata ba tare da ya bar gari ba. Wanda ke warin tsami ko warin tsohon mai ya lalace, shafa shi yana jawo ƙaiƙayi, kuma babu turaren da zai gyara shi. Wanda kika gutsura kika ga ɗigon ruwa ko baƙaƙen ɗigo a ciki, ba a tsane shi da kyau ba, ba zai jure ajiya ba. Itacen kaɗanya ya fi yawa a jihohin Neja, Kwara, Kebbi da Kaduna, da arewacin Gana wajen Tamale. Wanda aka samo kai tsaye daga hannun mata masu yin sa yakan fi wanda ya daɗe a rana kan teburin kasuwa.

Man kaɗanya zalla yana da tauri, musamman da hunturu, sai an murza da ƙarfi kafin ya bazu, murzar kuma ita muke gudu. Shi ya sa ake sassauta shi da mai na ruwa. Kayan haɗi:

- man kaɗanya gwangwani ɗaya, a danna shi ya cika
- man riɗi na ɗanyen riɗi, cokali huɗu na cin abinci
- man zogale ko man 'ya'yan kuka, cokali biyu

In babu na zogale ko na kuka, a ƙara na riɗi cokali biyu a madadinsu. Man riɗin da aka soya 'ya'yansa kafin a matse ƙamshinsa na miya ne, a bar shi a kicin. Man zaitun yana da darajarsa, sai dai yana da yawan wani nau'in kitse da kan sassauta shingen fata in an dage da shi kullum a kan fata mai kirci ko mai saurin ƙaiƙayi, don haka in za a sa shi kada ya wuce cokali ɗaya a haɗin. Man kwakwa yana yi wa ƙwauri da hannu kyau, amma yakan toshe ƙofofin fatar fuska.

1. Ki zuba ruwa kamar tsawon yatsa biyu a tukunya, ki ɗora a wuta kaɗan. Ki yanyanka man kaɗanyan a busasshen kwanon ƙarfe, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar yadda tururi ne zai riƙa dukan ƙasansa. Ba a ɗora man kai tsaye a wuta, yana ƙonewa ya yi ƙauri.
2. Ki bar shi ya narke tas, ya zama ruwa garai-garai babu ko ɗan gudaji, sannan ki ƙara masa minti goma a kan tururin. Wannan ƙarin shi ke narkar da ƙananan ƙwayoyin kitsen da ido ba ya gani.
3. Ki sauke, ki goge ƙasan kwanon kada ruwa ya ɗiga, ki tace da farin ƙyalle mai tsafta ninki biyu zuwa wani busasshen kwano. Za ki ga baƙin gari da ɓawo sun tsaya a ƙyallen.
4. Ki bar shi ya ɗan huce, ki zuba sauran mayukan ki juya.
5. Ki sanyaya shi da sauri: firji minti 30 zuwa 40, ko ki zaunar da kwanon cikin babbar roba mai ruwan ƙanƙara kina juyawa. Abin da kike jira shi ne gefen ya daskare ya yi fari, tsakiya kuma ya yi kauri, in kin danna da yatsa ya lotsa.
6. Ki buga da maburgi ko na'urar buga ƙwai kamar minti goma, har ya yi fari ya tashi.
7. Ki juye a busasshiyar kwalba mai faɗin baki, ki rufe, ki rubuta ranar da kika yi.

Yana kai wata uku zuwa shida in an ajiye shi a inuwa, nesa da taga da murhu. Kusa da randa wuri ne mai kyau. Ki ɗebi na mako ɗaya a ƙaramar roba, babbar kwalbar a riƙa buɗe ta da busasshen cokali.

Abubuwan da ke ɓaci sanannu ne. In bayan kwana biyu man ya yi tsaki-tsaki a hannu, a hankali ya daskare, kitsen da ke cikinsa ya rabu kowane ya daskare a lokacinsa. Bai lalace ba. A sake narkarwa, a cika minti goman nan, a sanyaya da sauri. In ya narke ya koma ruwa, zafin ɗaki ne, domin man kaɗanya yana fara sakin jiki tun zafi bai kai digiri 40 ba, bazarar Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa tana wuce haka. Haɗin bazara a rage man ruwa zuwa cokali uku gaba ɗaya, kuma kada a wahala da bugawa, zai kwanta. In ya yi fumfuna ko ɗigo-ɗigo masu launi, ruwa ya shiga, a zubar da shi duka, ba a kwashe sama a ci gaba da na ƙasa. Wannan ne ya sa ba a zuba ruwan alobera, ruwan ganye, nono ko zuma cikin man da za a ajiye, duk da cewa masu koyar da haɗi da yawa suna cewa a yi. Duk inda ruwa da mai suka haɗu babu sinadarin hana lalacewa, ƙwayoyin cuta na hayayyafa tun kafin hanci ya ji wari.

Batun ƙamshi: mata da yawa ba sa son warin man kaɗanya, sai su tsiyaya masa humra ko madarar turare. Turare na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi a fatar manya, wuya da ƙirji su yi duhu. Humra a kaya ake sa ta. In dole sai an sa ƙamshi, ɗigo shida na man ƙamshi a cikin cokali biyu na cin abinci na haɗin shi ne iyaka, kuma ban da fuska. Man kanumfari da na kirfa kada su shiga ko kaɗan, suna ƙona fata.

Yadda ake shafawa

Mai ba shi da ruwa a cikinsa. Aikinsa aikin murfi ne, in tukunya babu ruwa, rufe ta ba ya ƙara komai. Wadda ta bari jikinta ya bushe ƙarau sannan ta shafa mai za ta yi ƙyalli a sama, ƙasa kuma fata na nan a bushe, zuwa azahar ta koma furu-furu. A shafa cikin minti uku da fitowa wanka, jiki da sauran laima. A narkar da man a tafin hannu tukuna. Kowane ƙwauri kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, kowane hannu ɗaya. In bayan minti goma sha biyar zani na manne miki, ya yi yawa.

Da hunturu, ko ga wadda fatarta ke saɓa, a ƙara mataki ɗaya kafin mai: gilisirin, wani ruwa garai-garai mai danƙo, cokali ɗaya na shayi a tafasasshen ruwa da ya huce cokali uku na cin abinci. A shafa wannan, sannan a bi da mai a kai. Gilisirin yana jawo ruwa ya riƙe shi a fata, man kuma ya hana shi tashi. Zallansa ba a shafa shi, yana danƙo yana raɗaɗi, ƙura kuma ta manne. A haɗa na kwana uku kawai.

A ajiye 'yar ƙaramar roba kusa da buta ko sallaya. Bayan alwala, musamman ta asuba da ta isha'i, a ɗan laƙata a bi bayan hannu, gwiwar hannu da dunduniya. Kaɗan ake sawa yadda zai nutse, ba a yaɓa shi ya yi kaurin da zai tare ruwan alwala ta gaba.

Da damina da bazara ana rage mai sosai. Ƙarƙashin mama, ninkin ciki da matsematsi ba a sa musu mai ko a wane lokaci. Zufa na taruwa a nan, wurin ya saɓe ya yi ja. A busar da su sosai bayan wanka, a sa rigar ciki ta auduga. Mai ƙyasbi ma ta rage shafa mai a baya da ƙirji har ta yi magani, domin abin da ke kawo ƙyasbi maiƙo yake ci.

Fuska

Da dare, bayan wankin magarya, ɗigo uku ko huɗu na man zogale a kan fuska mai laima, a danna da tafin hannu a hankali har wuya. Da hunturu a ƙara ɗan haɗin kaɗanya kamar ƙwayar wake a kumatu da gefen baki. Kewayen ido fatarsa ta fi ko'ina rashin kauri, da yatsa ɗaya ake ɗan taɓa shi, ba a ja.

Sau ɗaya a mako a yi wannan haɗin: kindirmo marar sukari cokali ɗaya na cin abinci, zuma cokali ɗaya na shayi, garin kurkum rubu'in cokalin shayi. A shafa, a bar shi minti goma, a wanke da ruwan ɗumi tun bai bushe ya ɗame ba. Tsamin kindirmo yana sassauta matacciyar fata ba tare da an goga ba, zuma tana riƙe danshi. Kurkum in ya yi yawa rina fata yake ta yi rawaya, ya ɓata mayafi da matashin kai, kuma wannan rawayar ba haske ba ce, rini ne da zai fita.

Alobera tana kwantar da zafin rana da na murhu, amma sai an san yanka ta. A yanko ganye mai kauri daga gindi, a jingina shi a kofi, yankan yana kallon ƙasa, minti goma sha biyar. Wani ruwa rawaya mai ɗaci zai tsiyaye. Shi ne ke sa ƙaiƙayin da ake ɗora wa alobera laifinsa. A wanke, a fere ƙayoyin gefe da koren bayan, a kankaro farin yauƙin ciki, a sake ɗauraye shi, a dama. A shafa siriri, in ya fara shanyewa a bi da ɗigon mai, don ita kaɗai tana barin fata a ɗame. A firji tana kwana biyar. Inda wuta ba ta tsayawa, a yanki na rana ɗaya kawai.

Gaskiyar da ya kamata a sani ita ce babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai goge tamoji mai zurfi ko ya ɗaga fatar da ta saki. Abin da suke yi shi ne su kashe ƙaiƙayi, su kawar da furu-furu, ƙananan layukan da bushewa ta jawo su cike, fata ta yi laushi da sheƙi na lafiya. Sabuwar fata takan ɗauki kusan wata guda kafin ta fito a jikin matashi, ta babba ta fi haka jinkiri, don haka a ba kowane tsari mako shida zuwa takwas kafin a yanke masa hukunci.

Dilka da halawa

Dilka, wadda ta zo daga Sudan ta zauna a Barno kafin ta bazu, gogewa ce, kuma ta amare ana yin ta kwanaki a jere. Babba ba ta buƙatar haka. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, da hunturu sau ɗaya a wata, kuma da haɗi mai laushi: garin shinkafa da aka tankaɗe sau biyu cokali uku, kindirmo cokali biyu, man riɗi cokali ɗaya, kurkum rabin cokalin shayi. A shafa a jiƙaƙƙen jiki, a bar shi minti biyar, a murza da tafin hannu a hankali, kowane wuri kada ya wuce rabin minti, a ɗauraye, a shafa mai. Sukari, gishiri da dakakken ɓawon ƙwai suna da kaifi, suna barin ƙananan yanka. A baƙar fata duk inda aka ji wa ciwo duhu yake yi in ya warke, shi ya sa gwiwa da wuyan da ake ta dirza don su yi haske suke ƙara baƙi. Ba a yin dilka a kan kirci, ƙurji, ko ƙwaurin da jijiyoyi suka fito.

Halawa a fuska haɗari ce ga fatar da ta rage kauri, takan ɗago saman fatar tare da gashin. Wadda ta taɓa daɗewa tana shafa man bilicin ta nisance ta gaba ɗaya. Turaren jiki na hayaƙi yana busarwa. A taƙaita shi, a shafa mai bayansa, mai asma kuma ta haƙura.

Tabo, rana da haɗin “oganik”

Duhun kumatu da goshi rana ce ke ƙara shi. Man kaɗanya kariyarsa daga rana kaɗan ce ƙwarai, ba a dogara da shi. Laima, inuwa, da man kariyar rana mai lamba SPF 30 ga mai yini a waje, su ne ke hana tabo ƙaruwa. Lemun tsami kuwa in ya taɓa fata aka shiga rana yana iya ƙona ta har ta yi bororo, ta bar tabon da ya fi na farko.

A yi hattara da sabulu da man da ake haɗawa a roba babu suna babu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ana cewa na ganye ne zalla. Babu ganyen da ke sauya launin mutum cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ke yin haka sinadarai ne masu ƙarfi: sitiroyid na man tub, ko haidirokwinon na man bilicin, ko makuri, wato zaiba, waɗanda ake matsewa cikin haɗin. Alamominsu: fata ta yi haske amma gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, korayen jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito a damtse da cinya, gashi ya tsiro a fuska, rauni ya ƙi haɗewa. Makuri yana taɓa ƙoda. Wadda ta daɗe a kan irin wannan, in ta daina rana ɗaya fuska kan yi ja da ƙuraje da zafi, sai ta tsorata ta koma. Likitan fata ne zai tsara mata yadda za ta janye a hankali. A wannan lokacin ruwa da man kaɗanya zalla kawai za ta riƙa sawa.

Ƙananan ƙulle-ƙulle baƙi da ke fitowa a kumatu, gefen ido da wuya yayin da shekaru ke ja, gado ne a baƙaƙen mutane da yawa, ba su da illa. Kada a ƙona su da kanwa ko toka ko ruwan batir, kada a ɗaure su da zare. A asibiti ana cire su cikin sauƙi in suna damun mutum.

Kaushi da faso

Ki ɗebi cokali huɗu daga haɗin man jiki, ki narkar da shi kan tururi tare da gurzajjen kakin zuma cokali ɗaya na cin abinci, ki juye a ƙaramin gwangwani mai murfi ya daskare. Da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, ki goga dutsen goge kaushi a hankali ta fuska ɗaya, ki tsaya tun kafin wurin ya fara zafi. Ki tsane, ki shafa ruwan gilisirin, ki bi da man kakin a dunduniya, ki sa safar auduga ki kwana. Man kullum, dutse sau biyu a mako. Reza ba ta da wuri a nan: tana yanke fiye da kima, fata kuma ta mayar da martani da kaushin da ya fi na da. Silifas mai buɗaɗɗen baya da yawo ba takalmi a kan siminti suna mayar da faso ko an warke. Tsakanin yatsu ba a sa mai, a busar da shi bayan kowace alwala, in ba haka ba ya yi fari ya saɓe. Jiƙa ƙafa a ruwan bagaruwa yana ɗame fata ya ƙara busar da ita, bai dace da mai faso ba.

Mai ciwon sukari dokarta daban. Jin zafi a ƙafarta kan ragu, tana iya ƙonewa ko ta yanke ba ta sani ba, ƙaramin rauni kuma ya zama gyambo. Ba ta jiƙa ƙafa, ba ta sa dutse sai da izinin likita. Nata shi ne wankewa, busarwa, shafa mai da duba tafin ƙafa kullum, da madubi ko wani ya duba mata.

Jan lalle na ganye ba shi da matsala, sai dai yana ɗan busarwa, a bi shi da mai. Baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan sa kumburi da bororo daidai zanen, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi ke nan har abada, har a rinin furfura.

Inda haɗin gida ya tsaya

Ƙaiƙayin duk jiki da ya wuce mako huɗu ana shafa mai bai lafa ba, musamman in babu ƙurji ko yana hana barci, a je a auna jini: sukari, ƙoda, hanta, maƙoƙo da ƙarancin jini duk suna iya fara nuna kansu ta fata. Faso mai jini ko ruwa, ƙafa ta kumbura ta yi zafi, ciwon da ya kai wata bai warke ba, da tawadar Allah da ta fara girma ko sauya launi ko zubar da jini, duk na likita ne, kada a tsaya jiƙa ganye. A baƙaƙen mutane sankarar fata mai tsanani ta fi fitowa inda ba a zato: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Lalle yana rufe waɗannan wuraren makonni, don haka kafin a ƙunsa sabo a wanke ƙafa a duba ta a haske. Sabon baƙin tabo mai faɗaɗa a tafin ƙafa, ko baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi, a kai shi asibiti a makon, a ɗage ƙunshin sai an duba.